Amsa ga mai son shuka bado daga iri

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka tsinko 'ya'yan bado a tafki, ka zuba irin a baho cike da ruwa, har yau shiru, kana tambaya ko dama bado ba ya shukuwa. Yana shukuwa ƙwarai, ni ma da iri na fara nawa.

Ina zargin tun wajen tsinka aka samu matsala. Furen bado in ya gama, sandarsa lanƙwashewa take ta ja ɗan cikin ruwa, a can yake nuna. Wanda aka tsinko da hannu sau da yawa bai ƙosa ba. Ni da zarar fure ya nutse sai in ɗaure masa ƙyallen gidan sauro, in ƙyale shi ya fashe da kansa. Irin yana fitowa da wata 'yar fata mai yauƙi da ke sa shi yawo a saman ruwa. Ka juye a roba, in fatar ta ruɓe irin zai kwanta a ƙasa, shi za ka shuka.

Sai zurfi. Bahon nan naka ya yi wa jaririn tsiro yawa. Ka sa lakar fadama, ka barbaɗa irin, ka rufe da rairayi kaɗan, ruwa ya hau kansa da santimita 3 zuwa 5 kawai, a inda rana ke bugawa. Ban da ɗanyen taki, gansakuka za ta shaƙe komai. A hunturu kuma ruwa ya yi sanyi, gara ka bari bazara ta shigo.

Don Allah ka lura da tsiron farko, siriri ne kamar zare, da yawa suna tuge shi a zaton ciyawa ce. Ba lokaci ɗaya suke fitowa ba, sai haƙuri. In ganye biyu ko uku sun hau saman ruwa sai ka dasa, kana ƙara ruwa sannu a hankali har ya kai santimita 30 zuwa 50.

Saboda sauro ka sa ƙananan kifi, amma ban da tarwaɗa, dama laka take ta tumɓuke dashe. In badon naka mai farin fure ne, da dare furen yake buɗewa, da hantsi ya rufe, ba ciwo ba ne.

In ganye ya mutu da rani kada ka zubar da lakar. Dunƙulen saiwar yana ciki da ransa, haka yake yi a fadamun Haɗeja da Nguru har ruwa ya dawo. Allah Ya ba da sa'a.