Amsa kan mahaɗar ƙarfe a taransistan kabon

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malaman kimiyya na wannan zaure. Ƙaninmu da ke koyarwa a Kura ya tambaya me ya sa taransistan da ake yi da sinadaran kabon, irin su fentasin, ba ya ba da wuta gwargwadon lissafi, alhali sinadarin mai kyau ne. Taransista dai 'yar ƙaramar na'ura ce da ke buɗe hanyar wutar lantarki ko ta rufe ta.

Malam, a ganina galibi laifin na mahaɗa ne, wato inda ƙarfe ya taɓa sinadarin, ta nan caji ke shiga, ta nan yake fita. Kai da kake noman rani da ruwan Tiga ka sani, komai faɗin magudana, in bakin da ruwa ke shiga gona ya tsuke, shinkafa ba za ta ƙoshi ba.

A silikon, sinadarin da aka saba yin taransista da shi, an daɗe da magance wannan, domin ana cusa wasu sinadarai da yawa a ƙarƙashin ƙarfen, sai caji ya wuce salin-alin. Sinadaran kabon kuwa, waɗanda masana a kamfanin Mitsubishi na Japan suka yi taransista da su a 1986, ba su cika karɓar wannan dabara ba. Shi ya sa ake zaɓen zinare, don ƙarfin da ake buƙata a ciro ilektoron daga jikinsa kusan 5.1 ne a ma'aunin ƙarfi da ake kira ilektoron-bolt, dab da na fentasin. A takarda sun dace. Amma da zarar ƙwayoyin fentasin sun kwanta a kan zinaren, sai su danne ilektoron ɗin da ke samansa, adadin ƙarfin nan na zinare ya sauka, shinge ya tashi a tsakaninsu. Kuma idan zinaren aka fara shimfiɗawa, fentasin yakan tsiro a gefensa ƙanana-ƙanana, a hargitse, daidai inda aka fi buƙatar hanya. Saboda haka wasu sukan ɗora zinaren daga sama, wasu su sa siririn shafi na molibdinam oksayid a tsakani.

Abin da ɗalibai ke mantawa shi ne, in an rage tsawon hanyar da caji ke bi a cikin sinadarin, turjiyar hanya, wato cikas ɗin da take yi wa caji, ita ce ke raguwa, ta mahaɗa tana nan daram, har ta zama ita ke juya komai. In ana son a auna ta, sai a yi taransistoci masu tsawo dabam-dabam, a zana turjiyarsu a jadawali, a miƙa layin zuwa tsawon sifili. Abin da ya rage a wurin, shi ne turjiyar mahaɗa.