Karatun nukiliya ko na roka a Ingila: amsa ga ƙanena

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, ka ce ka kusa kammala digirin Fiziks, kana son zuwa Ingila ka yi na biyu, daga nan ka samu aiki a cibiyar binciken nukiliya ko a sansanin da ake harba taurarin ɗan'adam. Na ji daɗin wannan buri ƙwarai, shi ya sa zan faɗa maka yadda abin yake tun kafin Baba ya sayar da gona.

Wuraren nan kala biyu ne. Akwai waɗanda ke hannun soja ko suke da alaƙa da makamai, irin Aldermaston inda ake ƙera makaman nukiliyar Birtaniya. Can fasfo ake fara dubawa kafin sakamakon jarrabawa, kuma sai ɗan ƙasa. Ko kamfanonin da ke yi wa gwamnati kwangila suna buƙatar tantancewar tsaro, wadda galibi sai mutum ya shekara 5 a ƙasar, mai zurfin kuwa shekara 10. Amurka ta fi haka tsauri, domin dokarsu ta ɗauki fasahar roka tamkar makami, kuma Cape Canaveral da Vandenberg, inda take harba rokoki, duk sansanonin soja ne. Ba raini ba ne a gare ka, ɗan Indiya da ɗan Masar ma haka ake yi musu.

Sannan ka sani, Ingila ba ƙasar harba roka ba ce tukuna. A Janairun 2023 an gwada daga filin jirgin Newquay, wanda a da sansanin sojan sama ne, jirgi ya ɗauki rokar ya sake ta a sama, amma ba ta kai falaki ba. Abin da suka gwanance a kai shi ne ƙera tauraron kansa, kuma a nan ne nake so ka sa ido. Tauraron Najeriya NigeriaSat-1 a Surrey ta Ingila aka ƙera shi, aka harba daga Plesetsk ta Rasha a 2003. NigeriaSat-X kuwa injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Surrey ɗin, aka harba shi tare da NigeriaSat-2 a Agustan 2011 daga Dombarovsky, sansanin sojan Rasha, a kan tsohon makami mai linzami da aka mayar roka. Ka ga waɗannan 'yan uwa ba su buƙaci aiki a sansanin kowa ba, a ɗakin gwaji suka koyi sana'ar, ta hanyar NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya.

Ɓangaren nukiliya na farar hula ma ƙofarsa ba a kulle take ba. Jami'ar Manchester na da cibiyar Dalton, Birmingham na koyar da fasahar injin nukiliya tun 1956, Culham kusa da Oxford kuma ana binciken haɗe ƙwayoyin zarra don samar da lantarki. Sai dai akwai takardar ATAS, wadda ɗan Najeriya zai nema daga gwamnatin Birtaniya kafin biza idan kwas ɗin ya shafi irin waɗannan fannoni. Kyauta ce, amma takan ci makonni 6 ko fiye, kuma za a tambaye ka dalilin karatun da abin da za ka yi da shi in ka gama. Ka rubuta gaskiya dalla-dalla da kanka. Kada ka bai wa ejan ya cika maka, don saɓani kaɗan tsakaninta da takardar jami'a zai iya jawo maka asarar shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka ambaci Zariya ba ko sau ɗaya. A cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai injin nukiliya na bincike, NIRR-1, yana aiki tun 2004, a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfin makami. Ƙarami ne, amma ɗalibai da yawa a nan Ingila sun gama digiri ba su taɓa tsayawa kusa da irinsa ba. In ka yi aikin bincikenka can, takardar neman gurbinka za ta yi nauyi, ka kuma samu malaman da za su tsaya maka wajen neman tallafin Commonwealth, ko na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, ko difloma ta shekara ɗaya a cibiyar nazarin Fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya.

Ka kuma duba Fiziks na asibiti, wato kula da injinan gashin cutar daji. Da shi za ka samu aiki a nan ba tare da waccan tantancewa ba, kuma asibitocin Shika da Sakkwato na buƙatar irinka.

Turo mini sakamakonka na aji uku da taken aikin da kake son yi, mu zauna a waya ranar Asabar mu zaɓi jami'o'i. Ka gaida su Inna.