Hotunan da ka ɗauko a Aburi

Ɗana, daren jiya bayan na rufe shago na zauna na duba hotunanka ɗaya bayan ɗaya. Ka ce mini, "Maigida, furen da na gani jawur da idona ya fito a hoto kamar an wanke shi, ganyen kuma sai ƙyalli. Ko lensi zan canja?" Ajiye kuɗinka, kyamararka lafiyarta ƙalau. Ban tambaye ka ƙarfe nawa ka isa lambun tsirrai na Aburi ba, inuwa ta gaya mini: kowace bishiya inuwarta tana tattare a gindinta. Da rana tsaka ka yi aikin.

Mu nan Accra rana ba ta jan ƙafa. Wajen ƙarfe shida take fitowa a kowane wata, kafin tara ta yi sama ta fara dukan ganye ta ka. Shi kuwa ganye fatarsa santsi ce da ita kamar an shafa mai, hasken sama na sauka a kansa sai ya mayar da shi cikin kyamara, koren ya ɓace. Saboda haka ka idar da sallar asuba ka kama trotro, motar haya, a Madina. Kan tudun Aburi sau da yawa hazo kan kwana, hasken safiya ya zo da laushi. Ranar da gari ya lumshe da hadari ma kada ka zauna a gida, babu ranar da ta fi ta kyau ga mai ɗaukar fure.

In aiki ya kama ka da tsakar rana, sa wani ya riƙe maka farin yadi tsakanin rana da furen, ka jingina farin kwali ta ƙasa ya cike inuwar. Gilashin kashe ƙyalli da ke aljihun jakata, ɗaura shi a bakin lensi, ka riƙa juya shi a hankali har ka ga koren ya dawo. Yana cin haske, ka sani. Jan fure kuwa shi ne farkon ƙonewa a hoto, don haka rage hasken da kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya a ma'aunin hasken kyamara.

Abin da na fi so ka koya shi ne zagayawa. Kullum rana a bayanka take, kamar mai ɗaukar hoton biki. Nemi ganyen gwaza, wanda Asantawa ke kira kontomire, ka durƙusa yadda ganyen zai shiga tsakaninka da rana. Za ka ga jijiyoyinsa sun fito ɗaya-ɗaya kamar zanen tafin hannu, gefensa ya yi wani siririn layi na haske. Shekaru nawa ina wannan sana'a, har yau in na ga haka sai na ɗan tsaya kafin in danna.

Sai tsari. A hoto na bakwai akwai fure huɗu, benci, ƙafar wani mutum da ledar ruwa a kusurwa. Wanne kake so in kalla? Zaɓi fure guda, ka matsa kusa, ka kawar da shi kaɗan daga tsakiya, ka bar masa fili ta inda ya fuskanta. Buɗe idon lensi zuwa f/4, ka nemi bayan da ke nesa da furen, sai ya narke. Kafin ka danna, bi kusurwoyi huɗun da ido. Layin dogayen bishiyoyin nan na ƙofar lambun, wanda aka buɗe tun 1890, kowa a tsaye yake ɗaukarsa. Kai sauke kyamara daidai gwiwa, ka ga yadda hanyar za ta ja ido zuwa ciki.

Furen koko da ka ce ya gagare ka a Mampong, a gonar da Tetteh Quarshie, wanda ake ɗauka uban noman koko a Ghana, ya dasa bayan ya dawo da iri a 1879, yana gagarar manya ma. Bai kai farcen yatsa ba, a jikin gindin bishiya yake fitowa, hasken da ke ratsowa ta ganye kuma tabo-tabo ne. Tare tabon da jikinka ko da yadin, kafa kyamara a kan ƙafa uku, tsuke idon lensi zuwa f/8, ka jira iska ta kwanta. In ta ƙi, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, gwargwadon buƙata.

Ranar Asabar ka zo da farin yadin kafin shida da rabi. Da zogalen bayan shago za mu fara.