IOLMaster ko Lenstar, wacce za a saya don aikin yanar ido?

Ka tambaya wacce ta fi wajen lissafin ƙarfin lens ɗin da ake sa wa ido bayan cire yanar, a cikin na'urorin awon ido IOLMaster 500, IOLMaster 700 ko Lenstar. Gaskiya in yanar ba ta yi kauri ba awonsu kusan ɗaya ne, sai ta nuna sosai ake ganin bambanci, kuma masu irin wannan yanar ne suka fi zuwa mana a Arewa, nan 700 ta fi ratsawa, 500 kam sau da yawa ba ta ba da tsawon idon. Amma kada ku ajiye A-scan, wato awon tsawon ido da ultrasound, akwai farar yanar da sai shi. Ku kula, kuskuren milimita 1 a awon tsawon ido yana kai kuskuren diopta (ma'aunin ƙarfin lens) 2.5 ko fiye. Idon da aka taɓa yi wa laser don gyaran gani kuwa, likitan tiyata za a bar wa lissafinsa.