Hukuncin Ɗibar Fetur Idan Tankar Mai Ta Faɗi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan acaɓa ne. Kwanakin baya wata tankar mai ta kife a bakin garinmu, fetur ya riƙa kwarara cikin lambatu, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki. Ni ma na cika jarka biyu masu lita 25. Allah ya kiyaye wuta ba ta tashi ba. Ɗaya na zuba a babur, ɗaya na sayar wa 'yan bumburutu. Abokina ya ce halal ne, tunda ko ba mu ɗiba ba ƙasa ce za ta shanye, kuma man fetur arzikin ƙasa ne da kowa ke da rabo a ciki. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mene ne hukunci? Sannan waɗanda wuta ke cinyewa a irin wannan wuri, shahidai ne ko sun kashe kansu ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka saurari zuciyarka. Abin da ka yi haramun ne, kuma haramcin ya zo ta ƙofa biyu: cin dukiyar wani ba da yardarsa ba, da jefa rai cikin halaka. Ko da ɗaya ta rufe, ɗayar tana nan.

Fetur ɗin da ke cikin tanka yana da mai shi. Wani ɗan kasuwa ne ya biya kuɗinsa a daffo ko a matatar mai, ya ɗauki hayar mota, aka rubuta takardar lodi da sunan gidan man da za a sauke. Tankokin da ke bin hanyoyinmu yawanci suna ɗaukar lita 33,000 ko 45,000. Idan ka lissafa lita 45,000 a kan, misali, naira 900 kowace lita, kuɗin ya haura naira miliyan 40, kuma da yawa daga masu wannan kasuwanci da bashi suke yin lodi. Faɗuwar mota ba ta cire kaya daga mallakar mai su. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya zama ciniki ne bisa yardar juna. A huɗubar bankwana Annabi (SAW) ya ce jininku da dukiyoyinku haramun ne a tsakaninku kamar alfarmar wannan rana.

Irin wannan aiki ma yana da suna nasa a hadisi, wato wasoso. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi bin Yazid al-Ansari cewa Annabi (SAW) ya hana wasoso. A hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim kuma, an jera shi tare da zina da sata da shan giya: mutum ba ya wawushe abin da jama'a ke ɗaga ido suna kallonsa yana ɗauka alhali yana mumini a lokacin da yake yi. Dubi yadda hadisin ya siffanta abin: ana yi a fili, mai kaya yana kallo, ba shi da ikon hanawa. Haka direban tanka da yaronsa suke tsaye a gefen titi suna roƙon mutane su ja da baya. Abin da ya fi damuna shi ne sunan da muke ba wannan ɗabi'a, wai ganima. Ganima dukiyar abokan gaba ce da aka samu a fagen yaƙi, ita ma ba a taɓa ta sai shugaba ya raba. Wanda musiba ta faɗa wa a hanya haƙƙinsa a kanmu taimako ne. Ba tsintuwa ba ce kuma, domin tsintuwa ita ce abin da ba a san mai shi ba, kuma ko ita cigiya ake yi har shekara guda.

Hujjar abokinka ta farko, cewa ƙasa ce za ta shanye, ita ce ta fi ruɗin mutane. Da motar maƙwabcinka za ta kife da buhunan shinkafa ga hadari ya haɗo, ka kwashe wasu ka kai rumfa, shinkafar ba ta zama taka don da ka bar ta ruwa zai lalata ta. Ka tserar masa da kayansa, kana da lada, kana iya neman ladan wahalarka, amma kaya nasa ne. Ballantana a wurin tanka yawancin abin da ake ɗiba ba wanda ya riga ya zube ba ne. Matasa kan hau kan motar su buɗe murfi, ko su kwance bawul, ko su faɗaɗa hujin da ya samu. Tanka tana da ɗakuna a cikinta, sau da yawa ɗaya ne ke fashewa, sauran suna nan lafiya ana iya juye su a wata motar. Masu wasoso su ne ke mayar da asarar ɗaki ɗaya ta zama asarar mota gaba ɗaya.

Hujja ta biyu, cewa arzikin ƙasa ne. Ɗanyen mai da ke ƙarƙashin ƙasa, gaskiya ne na al'umma ne. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne ma'adinai suna hannun shugaba, yana sarrafa su don maslahar jama'a, kuma kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya danƙa su ga gwamnatin tarayya. Amma da zarar an tace an sayar wa ɗan kasuwa, ya zama kayan mutum. Ko da ma tankar ta gwamnati ce, dukiyar jama'a ba a yi mata ɗiban karan mahaukaciya. Bayan yaƙin Khaibara kibiya ta kashe wani bawan Annabi (SAW) mai suna Mid'am, mutane suka yi masa murnar Aljanna, sai Annabi ya ce mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a jikinsa. Mayafi ɗaya ne, kuma cikin dukiyar Musulmi baki ɗaya ya ɗauka. Masu cewa ai inshora za ta biya su ma ba su da madafa: wannan yarjejeniya ce tsakanin mai kaya da kamfani, ba ta mallaka wa ɗan kallo komai. Haka direba ba shi da ikon cewa kowa ya ɗiba, shi amana aka ba shi.

Ba na raina halin da mutane ke ciki. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoba 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Ɗan acaɓa ya fi kowa sanin zafin wannan. Shugabanni za su amsa tambaya gaban Allah kan talaucin da ke sa magidanci ya ruga wajen mutuwa da bokiti a hannu. Sai dai lalurar da shari'a ta sani ita ce ta wanda yunwa ko ƙishirwa za ta kashe, ya ci gwargwadon abin da zai tsayar da ransa. Lalura tana halatta haram ne don a tsare rai. Ba za a kafa hujja da ita a kan aikin da shi kansa yake salwantar da ran ba.

Nan ne ƙofa ta biyu, kuma ina so ka fahimci yadda wutar take tashi, don da yawa suna zaton sai wani ya ƙyasta ashana. Abin da ke kamawa tururin fetur ne, ba ruwansa ba. Fetur yana fitar da wannan tururi ko a tsakiyar hunturu. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa ya bi lambatu da gangare da ramuka, ya yi nisa da motar ba tare da ido ya gan shi ba. Idan ya kai kamar kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, ƙaramin tartsatsi ya isa: bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, wani ya tayar da babur, wayar lantarki ta motar da ta faɗi ta haɗu da batir, janareta ko injin ban-ruwa da aka kawo don zuƙo man, murhun mai shayi ko mai tsire a can gefe. Wutar sai ta biyo tururin da gudu ta koma tushensa. Wanda ya tsoma hannu cikin lambatu, rigarsa da wandonsa sun jiƙe, shi kansa ya zama abin kamawa, kuma cunkoso ba ya barin kowa ya gudu. Shaƙar tururin kaɗai tana kawo jiri, mutum ya yanke jiki ya faɗi cikin man.

Babu wanda zai ce bai sani ba. A Jesse ta jihar Delta, a Oktoba 1998, wutar bututun mai ta kashe mutane wajen dubu. A Yamai, kusa da filin jirgin sama, a Mayu 2019, sama da 50 suka rasu a wajen tankar da ta kife. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, sama da 150 suka tafi, aka yi musu kabarin bai-ɗaya. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu 2025, aka sake yi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, sama da 80. Allah ya jiƙansu. Abin da ake da rinjayen zaton yana kashewa, shiga cikinsa don abin duniya haramun ne. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannayenku cikin halaka, kuma Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa. Saboda haka ko mai man da kansa ya zo ya ce ya yafe kowa ya ɗiba, haƙƙinsa ne kawai ya faɗi, zuwa wurin bai halatta ba. Tsirar da ka yi a wannan karon rahamar Allah ce, kada ka ɗauke ta hujja.

Abin da ya wajaba a kanka yanzu shi ne tuba da mayar da haƙƙi. Fetur abu ne da ake aunawa, don haka asalin ramuwarsa lita 50 ce irinsa, ko kuɗinta idan mai shi ya yarda. Idan abin da ka ɗiba ya riga ya gauraye da ruwa da ƙasa, ƙimarsa a wannan hali ce a kanka. Neman mai shi ba wuya kamar yadda ake zato: ofishin 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗurra da suka je wurin suna da lambar motar, ƙungiyar direbobin tanka ta yankin ta san mai ita. Kana iya aika wani dattijo ko limami ya kai ba tare da an ambaci sunanka ba, ko ya nema maka yafiya. Idan ba ka da kuɗin a dunƙule, bashi ne a wuyanka, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Idan ka yi iya ƙoƙarinka ba a same shi ba, ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi. Akwai kuma jarkar da ka sayar. Man lambatu yana toshe kafireto ya lalata inji, idan ka sayar da shi a matsayin mai tsafta ka yi algus, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Wanda ya saya yana sane da inda aka samo shi ma ya yi tarayya cikin laifin.

Game da mamatan, ba a ce sun kashe kansu ba, domin ba mutuwa suka je nema ba. Musulmi ne, ana yi musu sutura da salla da addu'a. Hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa cewa wanda wuta ta kashe shahidi ne, ma'ana shahadar lahira, wadda ba ta hana wanka da salla. Wasu malamanmu sun bambanta tsakanin wanda ya mutu da sababin shahada yana cikin wani saɓo, suka ce yana da ladan shahadarsa da zunubin saɓonsa, da wanda saɓon ne kansa ya jawo mutuwar, suka ce ba ya shiga. Wannan hukunci ne na gaba ɗaya. Ba mu yanke wa wani mutum ayyananne komai, musamman da yake cikin waɗanda ke ƙonewa akwai masu wucewa, da yara, da masu shaguna, da waɗanda suka shiga don ceto. Haramun ne a riƙa yi wa iyalansu gori ko a yaɗa hotunan gawarwakin a waya. Wajen wanka, idan jiki zai jure sai a kwarara ruwa ba tare da cuɗawa ba, idan zai saɓule a yi taimama, idan ita ma ba ta yiwuwa a naɗe a likkafani haka nan. Ana salla idan an samu mafi yawan jiki, kuma haɗa mutane da yawa a kabari ɗaya ya halatta saboda lalura, kamar yadda aka haɗa biyu-biyu da uku-uku a Uhudu.

Idan irin wannan ta sake faruwa a gabanka, kada ka tayar da babur a kusa, tura shi da hannu. Ka koma ɓangaren da iska ke fitowa, wuri mai tudu, ka yi nisan aƙalla mita 300 idan malalar tana da yawa, idan kuma tankar ta kama wuta a nisance ta da kamar mita 800. Daga can ka kira lambar gaggawa 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, a sanar da 'yan kwana-kwana. A kashe murhu da janareta na gidajen da ke kusa, a tsayar da motoci tun daga nesa, masu unguwa da limamai su yi shela da lasifika a kori yara. Ba a kashe wutar fetur da ruwa, yana yawo a samansa ya ƙara bazuwa, sai yashi ko kumfar masu kashe gobara. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi mai tsafta kamar minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko manja, kada a fizge tufar da ta manne da fata, a garzaya da shi asibiti. Masu motocin su ma da nasu alhakin: wanda ya saki tanka da birki marar kyau ko sassuɗaɗɗun tayoyi, ko ya tilasta wa direba tafiyar dare da rana ba barci, yana da kaso cikin abin da ya biyo baya, kuma bin dokar da ta hana lodin tanka mai lita 60,000 tun daga Maris 2025 wajibi ne a kansa, domin umarni ne na shugaba a kan maslaha bayyananniya.

Wallahu a'alam.