Ƙaiƙayin Fata da Ƙarancin Jini: Akwai Dangantaka?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 3 yana kwana susa, bayan gwiwa da wuya sun yi saɓa. Na hana shi ƙwai da wake, yanzu tafin hannunsa ya yi fari fat. Ƙaiƙayin ne ke shanye masa jini?
Wata uwa, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Binciken da aka buga a Amurka a 2016 ya nuna yara masu ekzima, wato ciwon fata mai sa ƙaiƙayi da saɓa, sun fi samun ƙarancin jini. Kumburin da ya daɗe yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Abin da ya fi damuna shi ne hanin nan. Kin toshe masa hanyar samun jini. Mayar masa da wake, hanta da zogale, sai abin da likita ya tabbatar yana tayar masa. Kada a ba shi shayi kan abinci.

A nan Damagaram zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila ma suna rage jini, don haka a auna shi makon nan. Ga yaro mai shekarunsa, sakamakon awon jini (haemoglobin) ƙasa da 11 ƙaranci ne. Da hunturu, ki shafa masa man kaɗe bayan wanka tun jikinsa da danshi, ki yanke masa farce.