Idan ta tambaye ki ko da zafi

'Yata, na ga saƙonki tun daren jiya, sai yanzu na samu sararin zama. Kin ce duk macen da ta zo allurar hana gumin hammata, kafin ma ta cire abaya tambayarta ta farko ita ce “da zafi?”, ke kuma kin rasa amsa: in kin ce babu, allurar farko ta ƙaryata ki, in kin ce akwai, kina tsoron ta ɗauki jakarta ta fice. Kin kuma ce abin na ɗaure miki kai, yadda wata za ta kwanta tana hira har a gama, wata kuwa ta damƙe hannunki tana salati, alhali likita ɗaya ne, magani ɗaya.

Kada ki sake ki ce babu zafi. Akwai, sai dai kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa. Macen da kika ce wa babu, da zarar ta ji tsinin farko ta daina yarda da ke, jikinta ya ɗaure, kuma jikin da ya ɗaure ya fi jin allura. Ni abin da nake ce musu shi ne: “Hajiya, za ki ji ɗan tsini da ɗan raɗaɗi, sau goma zuwa goma sha biyar a kowane gefe, amma bai kai halawar da aka yi miki ranar biki ba.” Yawanci sai su yi dariya. Wadda ta yi dariya kuwa, rabin aikinki ya ƙare.

Ki san daga ina zafin yake, don ki san inda za ki tare shi. Botox ɗin nan, wato maganin da ke cikin allurar, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi kan gumin hammata mai tsanani tun 2004, ba cikin tsoka ake zuba shi ba kamar na goshi. Cikin fatar kanta ake sa shi, zurfin kamar milimita 2, awo 50 a kowace hammata, a rarraba shi ɗigo-ɗigo da tazarar santimita 1 zuwa 2. Aikinsa ya toshe saƙon da jijiya ke aika wa ƙwayoyin gumi cewa su zubo. To fata ita ce gidan jijiyoyin ji, kuma ba ta da fili. Shigar allurar ba komai ba ne, siririya ce ƙwarai. Abin da ke sa mutum ya ciji leɓe shi ne lokacin da ruwan ke buɗa wa kansa wuri, fatar ta ɗan tashi. Shi ya sa likita mai tura ruwan a hankali ya fi mai sauri sauƙin hannu, ko da kuwa mai saurin ya riga shi gamawa. Hammata ma da sauƙi. Ranar da kika ga ana yi wa wani a tafin hannu, inda sau da yawa sai an kashe jijiyar tun daga wuyan hannu, za ki gane bambancin.

Bambancin matan nan biyu da kika faɗa, galibi tun daga gida ya faro. Wadda ta bi hammatarta da reza da safiyar ranar, ko ta yi halawa jiya, ta zo miki da fata mai rauni, ko audugar tsaftacewa ce ta taɓa ta sai ta zabura. Mutanenmu kuma kin san su da alimun da lemon tsami, wata har ta ɗora humra a kai. Saboda haka ranar da kika ba ta lokaci, a ranar za ki gaya mata: aski kwana biyu ko uku kafin ta zo, halawa a ba ta tazara fiye da haka, kuma awa 24 kafin zuwa kada ta shafa abin hana gumi ko wani haɗin gida. In kin ga ƙurji ko fatar ta yi ja ta saɓule, ki nuna wa likita, a ɗaga ranar.

Sai maganar man kashe zafi, wanda a nan ne na fi ganin ganganci a wuraren aikinmu. EMLA da ire-irensa suna son kimanin awa guda, a lafta da kauri, a rufe da leda. Wasu sai su shafa, bayan minti goma su goge saboda layi ya yi tsawo, a caji mace kuɗin mai, ta sha zafinta cif. In babu lokaci gara ki bar man, ki ɗauko ƙanƙara. Ki naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, ki danna a gurbin na ɗan lokaci, ki ɗaga, likita ya soka, ki matsa gaba kina riga shi da taki ɗaya. Kada ki ɗora ƙanƙara tsirara ki manta da ita, tana ƙuna, kuma fatarmu in ta ƙone baƙin tabo take bari mai wuyar tafiya. Ni a hammata na fi son ƙanƙara da man, ra'ayina ke nan, akwai waɗanda suka girme ni a aikin da ba su yarda ba. In akwai 'yar na'urar nan mai karkarwa, ki ɗora ta kusa da wurin, tana ɗauke hankalin jijiya.

In likita zai yi gwajin aidin da sitaci, shi ake fara yi kafin mai. A busar da wurin, a shafa aidin, a barbaɗa garin, a jira. Inda gumi ke tsattsafowa sai ki ga farin garin yana rikiɗewa shuɗi mai duhu, tabo-tabo, wani lokaci har ya zarce inda gashi ya tsaya. A zagaye iyakarsa. Ki tambaye ta tukuna ko aidin na yi mata illa. Ga masu irin fatarmu farin fensir ya fi fitowa, kuma ba a soka allura a kan ɗigon tawada, gefensa ake bi, in ba haka ba tawadar ta shige fata ta zauna. Ki ajiye allurai na canji kusa da hannunki, domin tsinin yana dakushewa bayan 'yan sokawa, kuma dakusasshiyar allura ta fi ciwo.

Yanzu ga abin da ba a koya mana a makaranta ba. Macen da ta zo allurar nan, tun tana budurwa take fama. A zafin Jidda da laimar Bahar Maliya kowa na gumi, amma nata daban ne: ko cikin sanyin na'ura yana zuba, ya bushe ya bar farin zanen gishiri a baƙar abaya. Ta saba matse hannuwa a jiki, ba ta ɗaga hannu a taron biki, ta sha jin ana raɗa cewa ƙazanta ce, alhali ta fi masu raɗar yawan wanka. Yau kuma ga ta kwance, an ce ta ɗaga hannu ƙarƙashin fitila. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma ke ce za ki sauƙaƙa mata. Ki rufe ƙofa, ki lulluɓe mata ƙirji da mayafi, gefe ɗaya kawai za ki buɗe. Ki kula da fuskarki, tana kallonki ko da kin ɗauka ba ta gani. In kin ji Hausa a bakinta, ki sake mata Hausa, za ki ga kafaɗarta ta sauka. Ki sa mata matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu, domin wata ba allurar ce ke damunta ba, kafaɗa ce ta gaji. Kuma a kwance ake yi, ba a zaune ba, saboda jiri. Ki tambaya ko ta ci abinci. Da azumi, ki ba su lokaci bayan shan ruwa, tunda dama muna buɗewa da dare.

Na'urar miraDry kuwa wani babi ne, kada ki haɗa su a baki ɗaya. Ita tun 2011 aka amince da ita a Amurka, kuma da zafin maikrowef take lalata ƙwayoyin gumin, tana sanyaya saman fata a lokaci guda. A nan ana cika hammata da ruwan allurar kashe zafi, kuma wannan matakin ne ya fi ciwo. Bayan ya kama, abin da za ta ji bai wuce jan fata da ɗumi ba. In ta ce tana jin ƙuna, ko wani abu ya tsarga mata har yatsu, ki faɗa wa likita nan take, ba wurin “yi haƙuri” ba ne. Ainihin wahalar sai ta koma gida maganin ya sake ta: kumburi, tsami, hannu ya ƙi sauka daidai na 'yan kwanaki, wani lokaci ƙulli-ƙulli da rashin jin taɓi a fatar na makonni. Ki gaya mata tun kafin ta biya. Ƙanƙara a naɗe, da maganin da likita ya rubuta, da riga mai faɗin hannu. Mai shirin umara ko biki a satin, ta jira.

Bayan Botox ba a cika ganin komai ba sai ɗan ja ko ɗan taruwar jini. Gumin ba ranar yake tsayawa ba, yakan ɗauki kwanaki har zuwa mako biyu, kuma bayan wasu watanni zai dawo, sai a sake. Amma in ta kira ta ce haɗiya ko numfashi na yi mata wuya, ko fatar ido ta sauko, ko jiki ya mutu, asibiti za ta nufa, kada ki tsaya lallashi a waya. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon raunin tsoka, da wadda guminta na dare ne ko na dukan jiki ko ya zo da rama, duk ki sanar da likita kafin a buɗe kwalba, domin tarin fuka da ciwon suga da wasu cututtukan kan fito ta wannan hanyar. Allurar kuma ta likita ce mai lasisi. Masu yawo da jaka gida-gida suna yi da araha, ko kuɗi suka nuna miki kada ki riƙe musu fitila.

Ranar Lahadi ki shigo da wuri ki duba firij, jakunkunan ƙanƙarar sun yi kaɗan. Mace ta farko ke za ki yi mata bayani, ni zan tsaya daga gefe. Ki gaida mamanki.